Me ya sa shafi ke ƙin buɗewa ranar rufe rajista? Yadda ake gwada manhaja kafin cunkoso ya zo

Waɗanda data ba ta ishe su sauraren murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa kwana a kan cike fom ɗin intanet? Saura kwana ɗaya a rufe rajistar makaranta, ko neman aiki, ko tallafin karatu. Ka je kafe ka tarar da layi. Da aka zo kanka mai kafe ya yi ta dannawa, shafin yana ta juyi, can sai ya fito fari fat. An cire kuɗinka, rasit bai fito ba. Mai kafe ya dube ka ya ce, "Sabis ne, ka dawo ƙarfe biyun dare." Alhali a kan kwamfutar nan YouTube yana buɗewa lafiya lau, WhatsApp ɗinka ma yana tafiya. To in sabis ne, me ya sa shafi ɗaya tak ya ƙi?

Sau da yawa amsar ita ce, kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira sabar, an yi mata obalodi. Kuma wannan obalodin abu ne da ake iya hangowa tun kafin ranar, a auna shi, a gyara. Akwai fanni guda a aikin manhaja da ba shi da wani aiki sai wannan: gwajin ƙarfi da saurin manhaja. A yau za mu ga mene ne shi, me ya sa ake barin kwamfuta ta riƙa yin sa da kanta, sannan me ke faruwa idan aka yi sakaci da shi.

Mu fara da sakacin, don kada wani ya ɗauka matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. Mu tafi Amurka, shekarar 2013.

A 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar inshorar lafiya da aka fi sani da Obamacare. Dokar ta tanadi a buɗe kasuwar inshora a intanet, inda mutum zai shiga ya zaɓi tsarin da ya dace da aljihunsa. Gwamnatin tarayya ta gina shafin HealthCare.gov don jihohi 36 da ba su gina nasu ba, aka buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 2013. An yi hasashen mutum dubu 50 zuwa dubu 60 za su kasance a kan shafin a lokaci guda. Babban jami'in fasaha na gwamnatin a lokacin, Todd Park, ya ce waɗanda suka zo sun kai dubu 250. Shafin ya durƙushe. Takardun da majalisar dokoki ta fitar daga baya sun nuna cewa a ranar farko mutum shida ne kacal suka kammala rajista. Shida, 'yan'uwa, a aikin da ya ci sama da dala miliyan 800.

Wani zai ce ai yawan jama'a ne ya wuce hasashe. Da a ce shi ke nan, da da sauƙi. Wasu takardun sun nuna cewa a gwajin da aka yi dab da buɗewa, shafin ya fara jan ƙafa ne tun daga mutum wajen 1,100. Ka kwatanta da dubu 50 da ake jira. Kamfanonin da suka yi kwangilar kuma sun shaida wa majalisa cewa gwada tsarin gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, an yi shi ne a makonni biyun ƙarshe, abin da ya kamata a ɗauki watanni ana yi. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin ya faɗi gaskiya, sai dai ya faɗe ta a lokacin da babu sauran damar gyara, kuma ba a ɗage ranar buɗewa ba.

Akwai kuma wani abu. Dab da buɗewa aka yanke shawarar cewa sai mutum ya buɗe asusu kafin ya ga farashin inshora. Wannan ya tura kowa da kowa, har mai son leƙawa kawai, ta ƙofa guda, wato ɓangaren buɗe asusu. Nan ne ya fara cushewa. Sakatariyar lafiya Kathleen Sebelius ta ba da haƙuri a gaban majalisa a ƙarshen Oktoba, a watan Afrilun 2014 kuma ta ajiye aiki. Sai da aka tattaro ƙwararru, ciki har da Mikey Dickerson na Google, suka yi wajen wata biyu suna gyara, kafin zuwa farkon Disamba gwamnati ta ce shafin zai iya ɗaukar mutum dubu 50 a lokaci guda.

To ku riƙe wannan labarin, za mu dawo kansa. Yanzu mu ga yadda cunkoso ke kayar da shafi.

Ɗauki gidan mai. Famfo huɗu ne, kowace mota tana shan minti biyu. Muddin motocin da ke shigowa ba su fi waɗanda ke fita ba, babu layi. Da zarar sun ɗara, ko da kaɗan ne, layi zai fara, kuma ba zai tsaya ba sai ya fita titi. Akwai lissafi mai sauƙi a kan wannan da wani masani, John Little, ya tabbatar a 1961: yawan waɗanda ke ciki daidai yake da yawan masu shigowa a kowane sakan, sau tsawon lokacin da kowa ke ɓatawa a ciki. Misali, buƙata 100 na shigowa sabar a kowane sakan, kowace tana ɗaukar sakan 2. Kenan buƙata 200 ke hannun sabar ɗin a kowane lokaci. Idan wani abu ya jawo jinkiri, amsa ta koma sakan 10, sun zama 1,000, alhali jama'a ba su ƙaru ba ko da mutum ɗaya.

Sai kuma mu da kanmu mu ƙara wa wutar fetur. Shafi ya yi jinkiri, ka sake dannawa, ka sake, ka buɗe a waya, ka kira ƙaninka shi ma ya gwada maka. Mutum ɗaya ya zama buƙata goma. Wannan ne dalilin da ya sa shafi ba ya lalacewa a hankali. Yana tafiya daidai, yana tafiya daidai, sai kawai ya faɗi warwas. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san wannan: jama'a suka koma tiransifa a lokaci guda, manhajojin banki suka riƙa tsayawa, kuɗi ya fita alat bai shiga ba, mai shago ya riƙe ka kai ma ka riƙe waya.

Yaya ake gwada wannan tun kafin ranar? Ba za ka tara mutum dubu 50 ka ce kowa ya danna a lokaci guda ba. Abin da ake yi shi ne a rubuta ɗan umarni da ke kwaikwayon abin da mutum ke yi: ya buɗe shafi, ya sa suna da lambar sirri, ya ɗan dakata kamar mai karatu, ya cike fom, ya ɗora hoto, ya biya kuɗi. Sai a ce wa kwamfuta ta ƙirƙiri mutanen bogi dubbai, kowa yana bin waɗannan matakai, a tura su kan shafin, a zauna ana aunawa.

Gwajin iri-iri ne, kowanne da tambayar da yake amsawa. Akwai gwajin lodi, inda ake ɗora wa shafin adadin jama'ar da ake sa rai, a ga ko zai ɗauka. Akwai gwajin matsi, inda ake ta ƙara lodi da gangan har sai shafin ya karye, don a san ainihin iyakarsa da kuma wurin da ya fara karyewa. Akwai gwajin kwatsam, a zubo jama'a cikin minti ɗaya, irin abin da ke faruwa idan aka sanar cewa sakamakon jarrabawa ya fito. Sai gwajin juriya, a bar lodi matsakaici yana tafiya awa goma ko kwana guda. Wannan na ƙarshen yana kama wata cuta da ba a gani a gajeren gwaji: manhajar da ke cin memori a hankali ba ta saki, kamar tanki mai yoyo, sai bayan sa'o'i ta ƙare ƙarƙaf.

Me ake aunawa? Abu uku ne manya: tsawon lokacin da amsa ke ɗauka, yawan buƙatun da ake kammalawa a sakan guda, da kason waɗanda suka gaza. A nan akwai wani tarko da nake so ku gane, don ana yaudarar mutane da shi a rahoto, wato matsakaicin lissafi. A ce mutum 100 sun shiga shafi. Mutum 90 sun sami amsa a sakan 1, mutum 10 sun jira sakan 30. In ka haɗa ka raba, matsakaici bai kai sakan 4 ba. A takarda babu laifi. Amma mutum ɗaya cikin kowane goma ya yi zaman rabin minti yana kallon allo, watakila ya sake dannawa an cire kuɗinsa sau biyu. Shi ya sa masu wannan aiki ke jera lokutan daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, su duba na 95 ko na 99 cikin 100. Za ku ga ana rubuta su p95 da p99. A misalinmu p95 sakan 30 ne, kuma shi ne ke nuna wahalar da mutane suka sha.

Yanzu mu zo kan asalin maganar yau: me ya sa sai gwajin ya zama mai sarrafa kansa, atomatik kamar yadda muke cewa?

Saboda manhaja ba gini ba ce da za a gama a miƙa makulli. Kullum ana taɓa ta. Yau an ƙara wurin sa lambar waya, gobe an canza yadda ake neman suna, jibi an sabunta wani ɓangare. Kowane canji yana iya jawo jinkiri ba tare da wanda ya yi shi ya sani ba. Ga misalin da ke yawan faruwa. Mai rubuta manhaja ya ƙara wani bincike a rumbun bayanai, amma ya manta bai yi masa jadawalin nema ba. A kwamfutarsa akwai sunaye goma na gwaji, amsa na fitowa nan take. A rumbun gaske akwai sunaye dubu 500, kuma yanzu sai sabar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman suna a littafin rajistar da ba a jera shi bisa haruffa ba. Manhajar ba ta yi kuskure ba, amsar daidai take bayarwa, don haka gwajin da ke duba daidaito kawai zai ce komai lafiya. Sai ranar cunkoso asiri ya tonu.

Idan gwajin lodi abu ne da ake kiran ƙwararre ya yi sau ɗaya a shekara, to a tsakanin gwaji da gwaji an yi canji ɗaruruwa. Ko an ga jinkiri, wa zai gano wanne ne ya jawo shi? Amma idan gwajin yana gudana da kansa bayan kowane canji, ko kowane dare, da safe za a san cewa canjin jiya da yamma ne, kuma wanda ya yi shi bai ma manta abin da ya rubuta ba.

Ga yadda ake shirya shi, mataki-mataki. Na farko, a zauna da masu aikin a rubuta ƙa'ida da lambobi. "Shafin ya zama mai sauri" ba ƙa'ida ba ce, don ba a auna ta. Ƙa'ida ita ce a ce: da mutum 5,000 a lokaci guda, 95 cikin 100 su sami amsa cikin sakan 2, waɗanda suka gaza kada su kai 1 cikin 100. Na biyu, a rubuta umarnin gwajin a ajiye shi wuri guda da rubutun manhajar, duk lokacin da manhaja ta canza shi ma a canza shi. Na uku, a tanadi filin gwaji, wato kwafin shafin da ya yi kama da na gaske a girman sabar da yawan bayanai, amma da bayanan bogi, ba sunaye da lambobin mutane na gaskiya ba. Na huɗu, a haɗa gwajin da na'urar da ke fitar da sabuwar manhaja, irin su Jenkins ko GitHub Actions ko GitLab. Duk wanda ya turo canji, na'urar za ta gina manhajar, ta ɗora a filin gwaji, ta sako mutanen bogi, ta auna. Na biyar shi ne mai haƙori: idan sakamako ya karya ƙa'ida, na'urar ta tare canjin, ba zai isa ga jama'a ba sai an gyara.

Wannan mataki na biyar ku mayar da shi kan labarin Amurka. Sun yi gwaji, sun ga lamba 1,100, amma babu abin da ya tilasta a tsaya. Gwajin da ba ya iya hana fitar da manhaja rahoto ne kawai da za a sa a durowa.

Ba kowane gwaji ake yi a kowane canji ba, don babban gwaji yana cin lokaci da kuɗin sabar. Abin da aka saba shi ne ƙaramin gwaji na 'yan mintuna a kowane canji, matsakaici kowane dare, babba kuma kafin ranar da aka san za a yi cunkoso. Kuma a riƙa adana sakamako, don wani jinkirin ba ya zuwa lokaci guda. Wannan makon an ƙara kashi biyu, mako mai zuwa kashi uku, babu wanda ya karya ƙa'ida, amma bayan wata shida shafin ya ninka nauyi.

Kayan aikin fa? Albishirinku, manyan cikinsu kyauta ne. Akwai Apache JMeter, tsohon hannu tun ƙarshen shekarun 1990, an gina shi da Java. Akwai Locust, wanda ake rubuta masa gwaji da Python. Akwai k6, da JavaScript ake rubuta nasa, kamfanin Grafana Labs ya saye shi a 2021, kuma a cikinsa kana iya rubuta ƙa'idarka kai tsaye, in ta karye ya ba da alamar gazawa da za ta tsayar da na'urar fitarwa. Akwai kuma Gatling daga Faransa. Wanda ya iya Python ko JavaScript ko da kaɗan ne, cikin mako guda zai iya rubuta gwajinsa na farko a kan laptop ɗinsa.

Sai dai in ja kunne a kan abu huɗu. Na ɗaya, kuma ku ji da kyau: kada ka kuskura ka tura mutanen bogi kan shafin da ba naka ba, ko na makarantarku ne, ko don ka nuna musu rauninsu ne. Ba tare da rubutaccen izini ba, wannan hari ne, kuma a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta kutse da kawo cikas ga tsarin kwamfuta. Ka gina ƙaramin shafi naka a kwamfutarka, ka yi ta kayar da shi son ranka.

Na biyu, gwaji yana iya yin ƙarya idan mutanen bogin ba su yi kama da na gaske ba. In duk su dubu biyar suna neman suna ɗaya, sabar za ta haddace amsar ta riƙa miƙawa da sauri, ka ɗauka ƙarfi ne. Na uku, shafi yakan dogara da wasu: kamfanin karɓar kuɗi, kamfanin tura lambar tantancewa ta saƙon waya. A gwaji ana maye gurbinsu da na kwaikwayo, don haka dole a tambaye su nawa za su iya ɗauka, a kuma gwada abin da zai faru in sun yi jinkiri. Na huɗu ya fi shafar mu. Sabar na iya amsawa cikin ƙiftawar ido, amma shafin ya yi nauyin da ƙaramar waya a kan sabis mai rauni ba za ta iya ɗauka ba. Wannan ɓangaren da wani ma'auni ake duba shi, irin Lighthouse na Google da ke cikin Chrome, wanda ke kwaikwayon waya matsakaiciya da sabis mai jinkiri, kuma shi ma ana iya sa shi ya riƙa gudana da kansa. Manhajar da aka gwada a kan intanet mai ƙarfi na ofis kawai, ba a gwada ta don ɗalibin da ke ƙauye ba.

Wani zai ce, ai yanzu ana hayar sabar a wurin manyan kamfanoni, in jama'a sun ƙaru ita ma ta ƙaru da kanta. Gaskiya ne, yana taimakawa. Amma kunna sabuwar sabar yana ɗaukar lokaci, cunkoson kwatsam kuwa ba ya jira. Sannan in matsalar a rumbun bayanai take, ƙara sabar goma kamar ƙara ƙofofin shiga gidan mai ne alhali famfo ɗaya ke aiki. Gwajin ne ke nuna maka inda cushewar take.

Me ya sa na kawo wannan batu a shirin matasa? Saboda idan shafin rajista ya faɗi, ba kowa ke biyan farashi iri ɗaya ba. Mai laptop da intanet a gida zai tashi ƙarfe biyun dare ya sake gwadawa. Yarinyar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa kafe a cikin gari, kuma dole ta koma gida kafin magariba, ita ce wa'adi zai wuce ta. Ba don ba ta cancanta ba, sai don wani bai gwada aikinsa ba. Kuma ranar rufe rajista ba ta zo wa kowa ba zata, su suka sa ta, sun kuma san adadin waɗanda suka nema bara.

Don haka idan ka samu kanka a ƙungiyar ɗalibai, ko taron jin ra'ayin jama'a, ko kana aikin jarida, ga tambayoyi uku da za ka yi wa duk wanda ya ba da kwangilar shafi. Mutum nawa aka gwada shi da su a lokaci guda? Yaushe aka yi gwajin ƙarshe, kafin canjin ƙarshe ko bayansa? In ya faɗi, za a ƙara wa'adi, kuma yaya za a mayar wa mutane kuɗinsu? Wanda ya yi aikinsa zai amsa da lambobi. Wanda bai yi ba zai ce maka sabis ne.

Masu koyon rubuta manhaja kuma, ga aikin gida. Ka gina ƙaramin shafi mai fom ɗaya, ka zuba masa sunayen bogi dubu 100, ka sauke k6 ko Locust, ka fara da mutum 10, ka koma 100, ka koma 500. Ka rubuta p95 a kowane mataki, ka gano inda ya karye, ka gyara abu ɗaya, ka sake aunawa. In ka gama, ka sa shi a GitHub Actions ya riƙa gudana da kansa. Wannan aikin za ka iya nuna wa mai ɗaukar ma'aikata a ko'ina yake.

A nan za mu dakata a yau. Wanda ya gwada aikin gidan ya turo mana lambar da shafinsa ya karye a kai da abin da ya gyara, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Ku tura wa abokinku mai kafe shi ma ya karanta.